Yaren Rumfar Shinkafa

Surukata sunanta Kubura. Allah ya yafe mini, yau na kama sunan uwar miji, amma ba a ba da labarin mutum a ɓoye sunansa. Daga nan kuma Inna zan riƙa cewa, kamar yadda na saba tun ranar da aka kawo ni gidansu a Illo.

Sana'arta bandar kifi. Duk wanda ya taɓa ratsawa ta layin masu kifi a kasuwar Illo ya san ta: doguwar tsohuwa mai jajayen idanu saboda hayaƙi, ba ta rage kuɗi, ba ta kuma cusa wa mutum ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Masunta na kawo mata tarwaɗa da karfasa daga bakin kogin Kwara, mu wanke, mu lanƙwasa, mu soke da tsinke, mu jera a kan waya. Wuta kuwa ba ta yarda kowa ya hura mata. Na shekara ashirin da wani abu a gidan, har yau idan na tura icce sai ta zo ta janye shi ta mayar daidai inda na sa shi.

Abin da mutanen kasuwa ba su sani ba shi ne Inna tana da yare nata. Ba Dandanci nake nufi ba, ko Fulatanci, waɗannan kowa a Illo yana taɓawa. Yare ne da mutum biyu kaɗai suka taɓa yi a duniya, ita da ƙanwarta Mariyamu.

Ni ma kwaɗayi ne ya sa na gano. Ina da cikin fari, kifin da ke kan wuta ya hana ni sakat, na faki idonta na ɓalli wutsiyar tarwaɗa na jefa a baki. Sai na ji ta yi ƙasa da murya ta ce, “Hamdiyyago.”

Na ce, “Inna, mi kic ce?”

Ta ce, “Ban ce komi ba.”

Na ce, “Na ji sunana, kuma na ji an ɗaura mai wutsiya.”

Ranar na fara ganin dariyarta har da hawaye. Ba ta faɗa mini a lokacin ba. A hankali ta riƙa gutsura mini labarin, shekara da shekaru, kullum muna gyaran kifi, kullum sai ta duba ba kowa a tsakar gida.

Mahaifinsu, Malam Arzika, yana da gonar shinkafa a fadama ta wajen Lolo. Ba shi da ɗa namiji a lokacin, don haka idan shinkafa ta fitar da kai, 'yan matan nan biyu ake turawa tsaron tsuntsayen janbaki. A kafa musu rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi da gwangwanaye, a ba su majajjawa da ƙullin ɗumame. Tun rana ba ta fito ba har ta faɗi suna can, ba mai yi musu magana sai tsuntsaye. Yara biyu, tsiransu bai kai shekara biyu ba, ga yini mai tsawo. Sai suka fara raɗa wa abubuwa suna, wasa-wasa har abin ya zama magana sosai, har da ƙa'idojinta.

A yarensu ba namiji ba mace. Inna ta ce wannan rabon bai taɓa yi musu amfani a gona ba, tsuntsu ko mace ce ko namiji shinkafar dai zai ci. Su kashi uku suka raba duniya. Akwai masu ci, sunansu na ƙarewa da “go”: tsuntsu ciwgo, akuya mengo, ɓera susgo. Akwai waɗanda ake ci, su kuma “le”: shinkafa munle, kifi wasle, har kuɗi a nan suka sa shi. Sai na uku, waɗanda ba sa ci kuma ba a cin su, suna nan dai kawai, su ne masu “ri”: dutse tanri, kogi hori, rumfar kanta kabri. Idan abu ya yi yawa sai a maimaita farkonsa, tsuntsaye su zama ciciwgo. Kuma ba su da hanyar cewa “nawa” ko “naki”. Sai dai a sa “nu” a gaban suna, ma'ana namu, domin duk abin da ke kan rumfar na su biyu ne, daga majajjawa har ɗumamen.

Mutane ne suka fi ba su dariya, don mutum ba ya zama a kashi ɗaya. Sai an duba halinsa. Mai karɓar haraji “go” ne ko ba a tambaya ba. Marigayi surukina, mutumin kirki wanda kowa ya zo da ƙarya sai ya tafi da buhun gero, har ya koma ga Allah bai san matarsa Ɗanmusale take kiransa ba. Ni kuwa kun riga kun ji inda aka ajiye ni. Na yi ƙoƙari iya ƙoƙarina in koma “ri”, ban samu ba.

Abin bai daɗe yana daɗi ba. Wani maƙwabcinsu a gona ya zo wucewa ta bayan rumfa ya ji su. Mutumin yana jin Hausa, yana jin Dandanci da Fulatanci, yana taɓa Kyanganci, har Faransanci na kasuwa. Ya tsaya ya kasa kunne, bai tsinci kalma ko ɗaya ba. To, a wani gari da sai a ce shirmen yara ne. Amma a nan bakin iyaka, inda yaro ke tashi da harshe uku a baki, mutane sun ɗauka duk maganar da ɗan Adam ke yi sun taɓa jin ta. Wadda ba su taɓa ji ba kuwa, ai ba ta mutane ba ce. Kafin yamma gari ya ɗauka cewa 'ya'yan Malam Arzika suna hira da mutanen ruwa.

An yi musu rubutu, an turara su, an kuma zane su da tsumagiya. Da aka ga duk da haka suna yin raɗa idan sun keɓe, sai manya suka ba da shawara a raba su, wai idan ba ta biyun, abin ba zai sami bakin da zai amsa masa ba. Akwai gwaggonsu da ke aure a Madekali, tsallaken iyaka, Allah bai ba ta haihuwa ba. Aka ba ta Mariyamu riƙo. Inna ta ce shekarar ita kaɗai ta yi tsaron gona, kuma janbaki sun ci rabonsu, don ba ta ja igiya ko sau ɗaya da zuciya ɗaya ba.

Madekali ba nisa, amma yarinya ba ta da ikon ƙafarta. Daga can aka aurar da Mariyamu ga wani ɗan kasuwa, ya tafi da ita Kandi, cikin ƙasar Benin sosai. Haɗuwarsu ta koma sai suna ko rasuwa. Na ga zuwanta biyu da idona. Gajeriya ce mai ƙiba, mai son ado, ba abin da ta ɗauko na Inna sai dariya. A gaban mutane Hausa suke yi, gaisuwa da ladabi kamar surukai. Da an watse sai su zame bayan murhun banda, in jiyo su suna ƙus-ƙus suna shaƙewa da dariya, tsofaffi da jikoki. Ba su taɓa gaya wa mazajensu ba, ba su gaya wa 'ya'yansu ba. Wanda aka daka saboda abu tun yana ƙarami, ko ya tsufa sai ya waiga kafin ya taɓa shi.

Da waya ta zo na ɗauka kewa ta ƙare. Ina! Wayar ta Sadisu ce, mijina, can kuma ta Bunyaminu ce, babban ɗan Mariyamu. Kowace tsohuwa da ɗanta tsaye a kanta yana jiran a ba shi abinsa. Sai “Lahiya lau”, “Ya ɗiya?”, “Ya sanyi?”, a miƙa waya. Duk ranar da aka yi wayar nan Inna ba ta cin abincin kirki. Ta kan zauna gaban wuta tana juya kifi, bakinta na motsi, ta yi tambaya a yaren ta yi shiru gwargwadon yadda amsa za ta ɗauka, sannan ta ci gaba. Tausayi yake ba ni, wani lokaci kuma haushi, don ina zaune kusa da ita amma kamar babu ni. Ranar kasuwa kuwa ba direban Kandi da zai tashi ba ta ba shi ƙullin kifi ya kai wa Mariyamu ba, kuma mafi kyau take zaɓa, wanda ta hana mai kuɗi.

A shekarar da aka rufe iyaka saƙon ya zo. Bunyaminu ya turo wa Sadisu murya ta waya, ya ce mahaifiyarsu ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. An kai ta asibiti, an sallamo ta. Amma tun da ta farfaɗo ba ta sake yin Hausa ko Dandanci ba, wani yare take yi wanda ba a san shi ba. Sun kira masu jin harsuna daban-daban na Kandi, ba wanda ya gane. Malamai sun ce shafar aljanu ce, ana ta ruƙiyya, abin ya ƙi. Yana roƙon a taya su da addu'a, ga ma muryarta a ji.

Sadisu ya kunna a tsakar gida, Inna na ɗauke da tiren kifi. Murya ta fito a karkace, da ƙyar, kamar mai magana da tuwo a baki. Ni kaina na tsinci “hori”, na tsinci “ciciwgo”. Inna ta ajiye tiren a ƙasa, a kan turɓaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta ce, “Sake sa shi.”

Ya sake. Ta ce, “Gobe za ni Kandi.”

Sadisu ya ce, “Haba Inna, iyaka na ruhe, ga gwiwarki, ga hawan jini. Ki bari a ga abin da Allah za shi yi.”

Ta ce, “Sadisu, zumunta a ƙahwa take. In ba ka samo min mashin ba, da sanda zan tahi.”

Ya dube ni don in taya shi. Na ce masa ni ma zan ɗaura zanena, ya nemo mashin biyu. Ya yi ta faɗa har ya gaji. A ƙarshe dai shi ya samo 'yan kabu-kabun da suka san hanyar daji, ya kuma tsaya ya ga an ɗaure Inna da ɗankwali a jikin mai mashin don kada ta zame.

Tafiyar ba daɗi. Yashi, ƙaya, tsallake ƙorama, kowane rami sai na ji Inna ta yi salati. Mun bi ta gefen fadamar Lolo, shinkafa ta yi kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙara. Na nuna mata, ta kawar da kai. Daga Madekali muka shiga mota zuwa Malanbil, daga can wata motar zuwa Kandi. Mun isa da la'asar, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi fita.

Tun daga zaure hayaƙin tazargade ya tare mu. Bunyaminu ya durƙusa ya gaishe ta, mutum mai hankali, duk ya rame. Ya ce sun yanke shawara jibi za su kai mahaifiyarsu wani ƙauye wurin mai magani, an ce yana ajiye irin waɗannan marasa lafiya har sai abin ya fita. Inna ta ɗaga labule ta shiga. Mariyamu na kwance a kan katifa, ƙibar nan duk ta zube, bakinta ya karkace, 'yarta Ni'ima na yi mata fifita. Mariyamu na ta maimaita magana ɗaya.

Inna ta saurara, sannan ta juyo ta ce, “Ku kashe hayaƙin ga, shina shaƙe ta. Kuma ku juya ta. Cewa take ƙugunta na ciwo, tun yaushe take hwaɗi.”

Ni'ima ta ɗaga zanen, sai ga gyambo ya buɗe a inda take kwanciya. Yarinyar ta fashe da kuka. Bunyaminu ya tsaya baki buɗe, ya ce, “Inna, ke ma kina jin maganarsu?”

Ta ce, “Ba su ba na, ɗana. Mu na. Ni da uwarka munka yi abinmu bisa rumfa muna ɗiya. Ba laihinku ba na, mu munka ɓoye.”

Aka fasa zuwa ƙauye, aka kira mai wanke ciwo. Ni a raina na ce to, wahala ta biya, saura 'yan uwa su rungumi juna. Inna ta zauna a gaban ƙanwarta, ta kama hannunta mai lafiya, ta yi mata magana a yaren. Idanun Mariyamu suka buɗe, ta amsa da sauri, har tana neman tashi. Ta ƙura wa Inna ido, ta daɗe, sannan ta faɗi wani abu a hankali. Sai na ga fuskar Inna ta canza.

Na ce, “Inna, mi tac ce?”

Ta ce, “Wai ta gode, tsohuwa. Wai in taimaka in kira mata Kubura.”

Ciwon bai ɗauke mata harsuna kaɗai ba, ya ɗauke shekarun ma. Mariyamu tana can kan rumfa, yarinya, tana jiran yayarta ta dawo daga ƙarshen gona. Wannan tsohuwa mai jajayen idanu ba ta san ta ba. Inna ta buga ƙirji ta ce ita ce, ta faɗi sunan mahaifinsu, ta nuna tabon majajjawa a goshinta. Mariyamu ta yi murmushi irin na yaron da babba ke zolaya, ta sake cewa a kira mata Kubura.

Haka muka yi kwanaki. Inna ta zama tafinta: tana son kunu, tana jin sanyi, a buɗe taga. 'Ya'yan suna ta godiya, gida ya sami sauƙi. Ita kuwa tana ƙarewa a tsaye. Kullum sai an aike ta kiran kanta, kullum ta ce, “Tana tahe.” Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, abinci ya huce a gabanta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata ba. Tun tana yarinya take jiran ranar da za a bar su su yi maganarsu ba mai tsawatawa, ranar ta zo, ga yaren, ga Mariyamu, amma ita ba a gan ta ba. Na ce mata mu koma gida kafin ita ma ta kwanta. Ta ce in koma ni kaɗai idan kifi nake kewa.

Wata safiya bayan an wanke ciwon aka kwantar da Mariyamu tana fuskantar bango. Gwiwa ta dami Inna, ta hau katifar ta kishingiɗa, bayanta ya jingina da bayan ƙanwarta. Ta yi ƙorafi a yaren, ita da kanta, ina jin gwiwar take zagi. Sai muka ji daga wajen bango an ce, “Kubura?”

Ba “tsohuwa” ba. Sunan, sarai, da muryar mai jin haushin an bar ta ta daɗe.

Inna ta zabura ta juya, ta leƙa fuskarta. Mariyamu ta dube ta, hasken ya gushe, ta tambaya ina Kubura ta sake tafiya. Inna ta ja da baya. Can ta koma ta kwanta yadda take, baya da baya, ta yi magana. Aka amsa mata nan take.

Ta dube ni, hawaye na bin gefen hancinta, ta ce, “Hamdiyya, na mance. Bisa rumfa ba mu kallon juna. Ita gabas take tsaro, ni yamma. Baya muka haɗawa.”

Daga ranar ba ta sake juyawa ba. Idan za a ba Mariyamu abinci ko a wanke ta, Inna ta sauka ta zama tsohuwa mai tafinta. Da an gama sai ta hau ta ba ta baya ta zama Kubura. Su yi ta zuba, safe har yamma. Ba na gane komai sai sunaye jefi-jefi, amma dariya ba ta bukatar tafinta. Na ji an ce Bunyaminule an ƙyalƙyale, na ji nawa sunan ma da wutsiyarsa. Ni'ima ta kan tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwarta na dariya da rabin baki. Sau da yawa na ga wuyan Inna na motsi, tana son ta waiga, sai ta dafe katifa ta ƙura wa ƙofa ido.

Ranar Laraba da rana ina zaune a ɗakin ina tsince shinkafa, Inna na ba da wani dogon labari. Na lura ita kaɗai ke magana, amma na ce ko Mariyamu barci ta yi. Ta yi ta yi, muryarta ba rawa, tana tsayawa inda ake dariya ta ɗan yi abarta, ta ci gaba. Sai da aka kira la'asar ta yi shiru. Ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta ce in kira Bunyaminu, uwarsa ta cika.

Bayan an yi sadakar uku muka kamo hanya. A motar Malanbil na kasa haƙuri na tambaye ta yaushe ta gane.

Ta ce, “Tun azahar. Bayanta ya bar motsi, na ji.”

Na ce, “To Inna, mi ya hana ki hwaɗi?”

Ta daɗe tana kallon gonakin da muke wucewa. Sannan ta ce, “Na ga in na yi shiru, shi ke nan, ba ni ƙara yin ta har in mutu. Shi na na ce bari in ƙarasa labarin da na ɗauko.”